An Goge Madubin Sirri

Tana hawa na uku tana haki, don lif ɗin cibiyar ya shekara biyu yana hutu, sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Inna ce.

"Kin isa?"

"Ina kan matakala, Inna. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kin manta kwanon abincinki a kan firji. Sannan ina son in tambaye ki, wai mene ne garkuwar ci-gaba?"

Injiniya ta tsaya cak, hannunta a kan ƙarfen matakala.

"A ina kika ji wannan?"

"Ba shi ne saƙon sirrin da za ku aika yau ba? Barka da zuwa, ya mai girma, garkuwar ci-gaba. Matar mai gyaran famfo ce ta faɗa mini, ƙanwarta ke auren direban ogan naku. Ni dai na ce mata maganar ta yi nauyi a baki, amma ba ruwana."

"Inna, sirri ne fa!"

"To ai shi ya sa ban gaya wa kowa ba sai yayarki. Allah ya ba da sa'a. Ki gyara ɗankwalinki kafin a ɗauki hoto, kada ki fito kamar wadda aka koro."

Saƙon nan, makonni uku ke nan da Darakta ya rubuta shi da hannunsa, aka sa shi a ambulan, aka buga hatimi uku, aka kulle a akwatin ƙarfe mai makulli biyu. Sai dai kafin ya shiga ambulan Sakatare ya buga masa kwafi bakwai, domin a wannan cibiya takardar da ba ta da kwafi bakwai ba a lissafa ta cikin takardu.

A hawa na huɗu kujerun alfarma guda shida suna jere a baranda, nannaɗe cikin leda, ga darduma a naɗe an jingine ta da bango. Watansu biyu a nan suna jiran ɗaki na goma sha huɗu, wato ɗakin gwajinta. Darakta bai ɓoye ba, a gaban taro ya faɗa: idan Babban Baƙo ya zo yau bai ga abin da ya burge shi ba, gobe za a kwashe injuna a kai sito, ɗakin ya zama wurin hutun manyan baƙi.

Laifin ɗakin shi ne ya yi daɗi. Shekara shida ta yi tana busar da shi. Da hannunta ta toshe ramukan taga, ta yi ta zarya ofis ofis har aka gyara iyakwandishan, ta kafa na'urar tsotse laima a kusurwa, saboda igiyoyin da take aiki da su, waɗanda ake kira terahaz, ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Suna tsakanin igiyar rediyo da hasken da ido ke gani. Suna ratsa takarda da tufafi, amma laimar iska kaɗai ta isa ta shanye su. Da haka ya zama ɗaki ɗaya tilo a ginin da ba ya warin danshi. Wata rana da rana tsaka Darakta ya shigo neman wani fayil, ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya, kuma tun daga ranar ya fahimci cewa bai dace a bar ɗaki irin wannan a hannun injunan da ba su san daɗi ba.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa, yin sa ne ya cinye mata shekarun. Dogon tebur ne. A gefe guda akwai akwatin da ke aika saƙo, a cikinsa ɗan faranti da bai kai tafin hannun jariri ba. A fuskar farantin an tsaida ginshiƙai dubu arba'in, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba, kowanne yana lanƙwasa igiyar ta hanyarsa. Idan saƙo ya ratsa su sai ya watse, ya zama kamar hoton da aka yayyaga, babu kai babu gindi. A ɗaya gefen teburin, mita uku daga nan, akwai tagwayen farantin, irinsa kaɗai ne a duniya zai iya tattara gutsattsarin ya maida su rubutu a kan allo. A tsakiya kuma, daga gefe, ta kafa na'ura ta uku mai ƙoƙarin satar ji, da nata allon. Ita ce ma'aikata suka sa wa suna Magulmaciya. Duk abin da za a nuna wa Babban Baƙo bai wuce wannan ba: allon mai karɓa ya fito da rubutu, allon Magulmaciya ya fito da ɗige-ɗige irin na talabijin da ta rasa tasha.

A rahotonta faranti ta kira abin. Darakta ya sa jan biro ya soke.

"Faranti? Ke kin taɓa ganin babban mutum ya taso da jerin motoci don ya kalli faranti? Sai dai in da nama a kai. Madubin Sirri za mu ce."

"Ranka ya daɗe, ai ba madubi ba ne. Ba ya ma ƙyalli."

"Injiniya, ke ki riƙe ilimi, ki bar mini suna."

Madubin Sirri aka rubuta a ƙyallen da ke bakin ƙofa, haka a katin gayyata, haka a bakin kowa.

Ta ciro makulli, sai ta tarar ƙofar a buɗe. A ciki Baba mai goge-goge yana tsaye kusa da teburin, tsumma a kafaɗa, gwangwanin man goge ƙarfe a hannu, fuskarsa cike da farin cikin wanda ya gama babban aiki. Shekararsa ashirin da shida a ginin nan, kuma ba a taɓa samun ƙura a inda ya bi ba.

"Yauwa 'yata, ina kwana. Zo ki ga madubinki."

Ba ta amsa gaisuwar ba, abin da ba ta taɓa yi masa ba. An cire murfin gilashin da ke kare farantin mai karɓa. Farantin da jiya ta bari toka-toka, dishi-dishi, yau yana walƙiya har fitilar silin ta fito a cikinsa.

"Baba, me ka yi masa?"

"Oga ne ya buɗe mini tun ƙarfe bakwai. Ya ce dubi madubin da za a nuna wa babban mutum, ko fuska ba a gani. Ya ce in fitar da su kunya. Wallahi ya ba ni wuya! Wani irin datti ne mai kaushi, kamar gari, sai da na danna da babban yatsa kafin ya fita. Amma kin ga yanzu."

Ta ɗauki farantin da ɗan hantsaki, ta sa a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu. Inda jiya ginshiƙai ke tsaye sahu sahu, yau fili ne fetal, sai 'yan kututture a gefe. Ginshiƙai dubu arba'in suna jikin tsumman da ke kafaɗar Baba.

Ta ɗago ta dube shi. Yana jiran yabo. Me za ta ce wa mutumin da aka ce masa ga madubi, goge, ya kuma goge da gaskiya?

"Sannu da aiki, Baba," in ji ta. 

Darakta ya shigo ƙarfe goma saura kwata, yana ƙamshin turaren da ke riga shi shiga ɗaki, Sakatare a bayansa da fayil. Ta gaya masa a cikin jimla uku. Ya dubi farantin, ya dube ta.

"Amma ai ya fi kyau."

"Ya mutu, ranka ya daɗe. Abin da aka goge shi ne aikin."

"Babu wani?"

"Akwai na gwajin farko a durowa, wanda gefensa ya tsage. Yana aiki. Amma saita shi zai ci awa uku, don in ya kauce da rabin gashi ba zai karanta ba."

"Minti goma sha biyar gare mu. Kuma ko da awa goma ne, ba zan nuna wa babban mutum tsagaggen abu ba." Ya shafa haɓa, sai fuskarsa ta washe. "Ke, ai abin ma da sauƙi. Saƙon nan akwai wanda bai san shi ba? Sakatare, kana da kwafi?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"To a sa shi a kwamfuta. Da an ce an aika, Injiniya ta danna maɓalli, rubutu ya fito a allo, a tafa, a tafi cin abinci. Gobe ki sa tsagaggen naki ki yi ta gaskiyarki. Ai ba ƙarya ba ce, gaskiya ce da ta riga lokacinta da kwana ɗaya."

"Ranka ya daɗe..."

"Kin ga kujerun can na baranda? Ni ba na son in shigo da su. Amma ledarsu ta fara yagewa."

Sakatare ya shirya komai cikin minti biyar, don a irin wannan aikin hannunsa na da sauri. Ya nuna mata maɓallin. Ta tsaya a bayan kwamfutar tana kallon na'urar tsotse laima a kusurwa, wadda ta hau da ita hawa huɗu a kanta ranar da lif ya fara hutu.

Babban Baƙo ya iso sha ɗaya da rabi, ya makara da awa ɗaya da rabi, rabin lokacin da saitin ke bukata, kuma duk tsawon jiran Darakta bai bar ta ta taɓa ko sukuru ɗaya ba, wai kada a shigo a tarar ana gyara. Mutum talatin suka cika ɗakin da aka yi don mutum huɗu, kowa na gumin matakala. Allurar ma'aunin laima ta soma hawa. Babban Baƙo dogo ne mai tumbi, da idanun wanda aka nuna wa abubuwa da yawa a rayuwa bai nemi ganin ko ɗaya ba. Darakta ya yi jawabin minti goma sha biyar, ya ambaci Madubin Sirri sau tara. Sannan aka kawo ambulan mai hatimi uku a kan tire.

Babban Baƙo ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Barka da zuwa, garkuwar ci-gaba, ko? Direbana ya karanta mini a mota." Aka yi dariya, Darakta ya fi kowa. "Ni ba a yi mini wayo. Da kaina zan rubuta abin da za a aika. Kowa ya juya baya."

Mutum talatin suka juya suka fuskanci bango. Ana jin yatsa ɗaya yana neman haruffa, ƙwas, shiru, ƙwas. Darakta ya matso kusa da ita, yana magana ta gefen baki.

"Danna kawai. Sai mu ce injin ne ya fara gaishe shi don ladabi."

"Na aika," in ji Babban Baƙo. "A juyo."

Yatsanta na kan maɓallin. Ta tuna kujeru shida, ta tuna sito da rufinsa mai yoyo, inda injunan za su yi tsatsa kafin shekara ta zagayo. Sai ta ɗauke hannun, ta sa shi a aljihun rigar aiki, ta kunna allunan biyu kamar yadda suke.

Allon Magulmaciya ya cika da ɗige-ɗige fari da baƙi. Allon mai karɓa ma haka. Babu bambancin ko ɗigo ɗaya.

Kowa ya zuba wa allunan ido.

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya, "saƙon bai iso ba. Farantin mai karɓa ya lalace da safen nan. An goge shi."

Babban Baƙo ya sunkuya ya leƙa allon farko, ya taka ya leƙa na biyu.

"Wannan na ɓarawo ne?"

"Eh, ranka ya daɗe."

"Bai ga komai ba."

"Bai gani ba."

"Wannan kuma namu ne. Mu ma ba mu gani ba." Ya miƙe a hankali. "Wato ko ke da kika ƙera shi ba ki san abin da na rubuta ba?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe, domin ya lala..."

"Abin da take nufi ke nan!" Darakta ya faɗo cikin maganar kamar wanda aka jefo daga silin. "Mataki na ƙoli, ranka ya daɗe. An goge shi, kamar yadda ta ce. Gogaggen sirri. Ba ya fita ta ko'ina."

Babban Baƙo ya juyo ga jama'a, kuma a karon farko idanunsa suka nuna alamar rai.

"Shekarata talatin da ɗaya a aiki. Ban taɓa rubuta kalma da safe ba face na ji ta a bakin mai gadi kafin azahar. Takardar ƙarin girmana, surukata ce ta fara yi mini murna. Yau na rubuta abu a gaban mutum talatin, da 'yan jarida, kuma babu wanda ya sani sai ni. Malamai, wannan shi ne aiki."

Tafi ya ɓarke. Injiniya ta ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, amfanin saƙo ai ya isa ga wanda aka aika wa. Wannan bai isa ba. Gwajin bai yi ba!"

"Kun ji tawali'u," in ji Babban Baƙo. Tafin ya ƙaru.

Ya sunkuya kan farantin, ya ga fuskarsa a ciki 'yar mitsitsiya, ya gyara zaman tabarau.

"Kuma ga tsabta. Wa ya yi wannan gogewa?"

Aka turo Baba daga bayan ƙofa, yana ƙoƙarin ɓoye tsumma. Babban Baƙo ya riƙe hannunsa aka ɗauki hoto. Nan take, a kan bayan Sakatare, ya rubuta umarni ya sa hannu: ɗaki na goma sha huɗu ya zama wurin tsaro na musamman, ba mai taɓa shi, ba mai shiga sai da izinin Injiniya. A ƙera madubai ɗari irin wannan. Kowanne a goge shi kamar wannan kafin ya fita, a ƙarƙashin kulawar wannan dattijo.

Suka fita kamar yadda suka shigo, a dunƙule. Darakta ya tsaya a bakin ƙofa yana share wuya da hankici.

"Kin kusa kashe mu da gaskiyarki. Allah ya so babu mai sauraro." Ya dubi kujerun baranda da ɗan baƙin ciki. "Sakatare, a kai su hawa na biyu. Sashen Goge Madubi zai bukaci ofis."

Ta rufe ƙofa. Ta jira allurar laima ta sauko. Sannan ta cire farantin mai ƙyalli ta ajiye a gefe, ta buɗe durowa ta ɗauko tsagaggen, toka-toka, mummuna. Ba ta fita cin abinci ba, da ma kwanon na kan firji. Ta yi ta murɗa sukuru, rabin juyi gaba, kwata baya, tana duba allo, wuyanta ya ƙage, ta miƙe ta sake sunkuyawa. Akwatin aikawa bai daina maimaita saƙon ba tun safe, don babu wanda ya tuna ya kashe shi.

Wajen ƙarfe huɗu ɗige-ɗigen allon mai karɓa suka soma motsi, suna matsowa kusa da juna kamar mutanen da aka kira sahu. Harafi ya fito, wani ya biyo. Ta waiwaya ga Magulmaciya: yayyafi kawai, ba ta samu ko wasali ba. Shekara shida. Ya yi. Ta dafa teburin da hannu biyu, ta karanta abin da Babban Baƙo ya aiko ta hanyar da ta fi kowace hanya tsaro a ginin nan:

ƘARFE NAWA ZA A CI ABINCI

Ta daɗe tana kallonsa. Ta taga ana ganin ma'aikata huɗu a tsakar gida suna jayayya a kan yadda darduma za ta shiga ƙofar hawa na biyu. Takardar umarnin na kan tebur, da sa hannu, kuma tabbas yanzu ta haifi kwafi bakwai. Idan ta sauka ta ce a zo a ga gwajin ya yi, sai an tambayi me ya sa da safe bai yi ba, sai an tambayi wa ya goge, wa ya ce a goge, wa ya tafa.

Ta yanko 'yar takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe, BA MADUBI BA NE, ta manna a murfin gilashin, ta rufe tsagaggen farantin a ciki. Mai ƙyallin kuma ta rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa, daidai tsayin fuska.

Waya ta yi ƙara.

"An ce kun ci," in ji Inna. "An ce har tsohon nan mai shara ya zama shugaban sashe. Amma ke, gari ya rikice. Direban bai sani ba, matarsa ba ta sani ba, matar mai famfo ta zo nan sau biyu. Wai me mutumin ya rubuta ne?"

Injiniya ta dubi allon.

"Sirri ne, Inna."

"Ni ce fa. Uwarki."

"Na sani."

Ta sa yatsa ta kashe allon, ta leƙa farantin da ke jikin ƙusa, ta gyara ɗankwalinta.